Kuza da Koz

Sunana Haruna, amma a Nasarawa ta Jos in ba ka ce Haruna Basilla ba, ba wanda zai nuna maka gidana. Shekara goma sha takwas na yi ina ɗinke bakin buhun kuza a siton wani kamfani a hanyar Bukur. Karatun boko kuwa da furfura na fara shi, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar. Da zan tafi malaminmu ya ce in na isa in rubuto abin da na gani, a karanta wa 'yan aji. To ga shi, malam. Na daɗe ban rubuto ba don ban so in aiko da rabin labari.

Ba zan tsaya kan fitowata daga gida ba. Kowa a ajin ya san shekarar da kasuwar kuza ta faɗi aka sallami mutane, ya kuma san ina cikinsu. Abin da na ce wa matata Asabe shi ne zan tafi Bur Sudan, garin da ke bakin Bahar Maliya, inda aka ce ana neman masu ɗinkin buhu a tashar jiragen ruwa. In na sami takardar zama sai in aiko ta zo, mu yi aiki, mu haye Makka tare. Da wannan magana na bar ta, kuma da ita na yi ta tafiya.

A tashar Maiduguri ina zaune kan ƙunshin kayana sai na ji an daka mini duka a kafaɗa.

"Oga Basilla! Kai ne wannan? Wa ya bar maka hanya ka fito daga sito?"

Lamidi ne, Bayaraben nan bakanike da ke gyaran motocin kamfani, wanda aka haifa a bayan tashar motar Jos. Shi ma sallamar ta shafe shi, shi ma Bur Sudan ya nufa. Ban taɓa zama da shi ba sai gaisuwa, amma daga ranar muka zama tabarma ɗaya.

A Fallomi, bayan mun haye iyakar ƙasarmu, muka sami wani direba ya yi rantsuwa zai kai mu Abeshe. Da muka yi nisa, inda babu gari sai ƙaya da rana, ya tsaya ya ce a sauka a rage wa mota nauyi ta haye yashi. Muka sauka, maza wajen goma. Mota ta haye yashi, ta haye wani yashin, har ƙararta ta ɓace. Allah ya sa kayanmu na hannunmu. Lamidi ya bi sawunta da gudu yana zagi da harshe uku, ya dawo yana haki.

"Oga, motan nan ni na gyara mashi shi jiya. Kyauta! Da na sani da na bar shi yana tari."

Muka bi sawun tayar a ƙasa. Da ƙishi ya kai mu inda ba mai iya magana, sai muka faɗa wata rugar Larabawan Shuwa. Wata tsohuwa ta fito da ƙwarya ɗaya cike da nono da ruwa. Ba ta tambayi ko mu su wane ne ba. Ta miƙa wa na farko, ya sha ya miƙa wa na kusa, har ta zagayo kaina, ta koma ta ciko. Na tuna randar sitonmu, inda Birom da Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe ke sha da moɗa ɗaya, ba mai ɗauraye ta bayan wani. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

A Jinena, bakin iyakar Sudan, askarawa suka zazzage kayanmu. Ɗayansu ya ɗauko 'yar jakar basillata. Waɗanda suka yi aiki a sito sun san ta: 'yar jakar fata ce da ba ta kai dunƙulen hannu ba, a cika ta da sharar garin kuza, a riƙa soka basilla a ciki don kada ta yi tsatsa. Askar ya ji nauyinta ya fi girmanta, sai ya kwance. Ya shinshina, ya lasa, ya zuba kaɗan a kan dutse ya kai masa ashana yana ja da baya. Ba abin da ya kama. Na ce masa kuza ne. Ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa, ya jefo mini abina. Wannan ne karo na farko da na faɗi kalmar nan ga mutum ya dube ni kamar ban ce komai ba. Ni da na zaci duk duniya an san kuza.

Daga nan Fashir, daga Fashir Ubayyid, inda muka yi ɗan aikin dako muka shiga jirgin ƙasa. Jirgin ya bi da mu Kartum, ya ratsa jajayen duwatsu waɗanda ko ciyawa babu a kansu, ya sauke mu a bakin ruwan da ba shi da ƙetare. Zafin garin ba irin na Maiduguri ba ne. Jiƙaƙƙen zafi ne, ka yi wanka ka fito kana neman wani.

Muka sauka a unguwar mutanenmu, gidan Alhaji Sale, mutumin Haɗeja da ya shekara talatin a can yana saukar da baƙi. Shi ya zaunar da mu ya bayyana mana yadda abin yake. Ba a ɗaukar baƙo aiki a tashar jiragen ruwa sai da takardar zama. Ba a ba da takardar zama sai likita ya sa hannu. Likita kuma ba ya sa hannu sai an ɗauki hoton ƙirjinka an ga ba ka da tarin fuka. Wanda aka samu da shi, likita ya ja masa jan layi, 'yan sanda su raka shi jirgi a mai da shi iyaka.

Ban damu ba. Tun da nake ban taɓa kwanciya ciwo ba sai zazzaɓin damina.

A ƙofar asibiti akwai wani dillali, jikan mutanenmu ne, ana kiransa Abu Sadur, wai mai ƙirji ke nan da Larabci. Sana'arsa ita ce in mutum yana tari yana tsoron hoto, sai ya samo masa lafiyayye ya shiga da sunansa. Yana ganina ya zagaye ni kamar mai tayin bijimi.

"Baba, wannan ƙirji naka ai gona ce. Ka ba ni hayarsa, ba kai ba ɗinkin buhu. Ka shiga ka ja numfashi ka fito, shi ke nan aikin."

Na ce masa ƙirjin nan mutum ɗaya yake yi wa aiki.

"Za ka neme ni," in ji shi.

Aka shiga da mu ɗaya bayan ɗaya. Aka ce in tuɓe riga, in manna ƙirji a jikin wani faranti mai sanyi, in ja numfashi in riƙe. Na'ura ta yi ƙara, aka ce in fita. Daga nan aka kai ni gaban likita, wani dogon Basudane mai tabarau. Tafintansa ma'aikacin asibitin ne, Abdurrahman, magidanci mai fara'a. A can aka haife shi, Hausarsa a bakin kakarsa ya koya, Bakatsiniya, bai taɓa taka ƙasarmu ba.

"Likita ya ce mene ne aikinka a ƙasarku?"

"Aikin kuza."

"Koz?"

"Kuza."

"To, koz," in ji shi, ya juya ya faɗa wa likita.

Likita ya dunƙule hannu ya kai baki kamar mai shan ruwa, ya dube ni. Ni kuwa tun safe ƙishi ke damuna, na zaci tambaya yake ko a kawo mini ruwa, sai na gyaɗa kai da ƙarfi. Ya rubuta wani abu a takarda. Na ɗan jira. Ruwan dai bai zo ba.

Ran da muka koma jin sakamako, aka kira Lamidi ya fito yana rawa da takardarsa. Ni aka ce in shigo ciki. Likita ya ɗaga hotuna biyu a jikin taga. Na farko na wani ne, haƙarƙari fari, tsakaninsu baƙi sumul. Na biyu nawa. Kamar an ɗebi gero an watsa a kan baƙin zane, dama da hagu, sama da ƙasa, ba inda babu. Na ga Abdurrahman ya ja baya kaɗan, fara'arsa ta tafi.

"Baba, likita ya ce tarin fuka ne, kuma irin wanda ya bazu. Ya ce mai irin wannan hoto ɗauko shi ake yi a kan gado."

Na ce, "Ka gaya masa da ƙafata na zo, kuma wani wurin da ƙafar na ratso daji."

Likita ya sa abin sauraronsa a bayana ya daɗe. Ya ɗauki jan alƙalami, ya riƙe, ya ajiye. Ya ce in tofa kaki a wata 'yar kwalba, za a bincika, in dawo. Bai sa hannu ba, bai kuma ja jan layin ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Alhaji Sale ya tare ni a zaure, bai miƙo hannu ba.

"Malam Haruna, ka yi haƙuri. Gidan nan akwai yara, akwai baƙi. Ba korarka nake yi ba."

Aka mai da tabarmata wata rumfa a bayan gida. Maiɗakinsa Hajiya Zainabu ta ware mini akushi, ta ɗauko moɗar gwangwani ta ɗaura mata jan ƙyalle a hannu, ta ajiye daga nesa. Ruwa kuma ba ni zan ɗiba a randa ba, sai a tsiyayo mini daga sama. Ban ga laifinsu ba. Da a gidana ne aka kawo baƙo da wannan suna, abin da zan yi ke nan. Amma in na ji maza a zaure sun gama cin abinci moɗa na zagayawa, sai in dubi tawa da jan ƙyallenta in kau da kai.

Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina na fara shakka. In maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi sai in danne, ina tsoron in yi tari in ji irin nasu. Na riƙa zuwa kasuwa ina dakon buhun gawayi, rabi don abinci, rabi don in ji ko numfashina zai yanke. Bai yanke ba. Amma hoto na gani da idona.

A kasuwar Abu Sadur ya same ni.

"Allah ya tsare ni da kai, Baba! Da ka yarda ran nan da ka kashe mini kasuwa. Mutum uku zan shigar da ƙirjin nan, da duk an kore su!" Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya matso. "Amma yanzu ga magana. Ka canza suna, ka aske gemun nan, in samo maka ƙirji mai kyau. Akwai wani Bahadandawe, ɗan ƙabilar makiyayan duwatsun nan, ƙirjinsa kamar madubi."

Ba zan ce maganar ba ta shige ni ba. Na yini ina juya ta. Abin da ya tsai da ni Asabe ce. In na sami takarda da ƙirjin wani na aika ta zo, ɗaki ɗaya za mu kwana, kwano ɗaya za mu ci. In ciwon gaskiya ne, ni zan ba ta shi da hannuna. Gara in sani. Na ce masa a'a, ya ce taurin kai irin na mutanen dutse.

Lamidi ya fara aiki a garejin tashar jiragen, amma kullum ya taso sai ya zo rumfata ya zauna. Wata ran Juma'a ya shigo da gumi, ya miƙa hannu ya ɗauki moɗata ya kafa kai. Hajiya ta hango shi daga madafa.

"Kai, Lamidi! Ajiye! Koz ɗin Malam Haruna ne!"

Ya shanye ya goge baki. "Hajiya, mutumin nan ba shi da komai. Ni na kwana da shi tun Maiduguri, ko atishawa bai yi ba, sai minshari. Kuma tun da mun zo gidan nan ana ce koz, koz. Mene ne koz?"

"Abin da ke hannunka mana. Moɗa."

Na miƙe zaune. Na tuna likita ya dunƙule hannu ya kai baki, na tuna kaina da na gyaɗa. Na ce, "Lamidi, ashe a takardar likita ni maƙerin moɗa ne."

Da na ba shi labari ya yi ta dariya har ya kwanta a tabarma. Ni ban yi ba. Ban san abin yana da wata alaƙa da hotona ba, ko kaɗan. Abin da na ga kawai shi ne, in ma jan layi za a ja mini, a ja shi a kan sana'ata ta gaskiya. Shekara goma sha takwas ba wasa ba ce da za a mai da ita moɗa.

Ran komawa na sa jakar basilla a aljihu. Na tarar da likita ya tsare hotona da ido. Abdurrahman ya ce an duba kakina ba a sami komai ba, an sake dubawa ba a samu ba. Likita ya sa na hau matakalar bene na sauko, na sake hawa, ya saurari bayana. Ya cire tabarau ya goge. Abdurrahman ya ce, "Ya ce hoto ya ce ka mutu, ƙirji ya ce ƙarya ne, shi kuma ya rasa wa zai gaskata. Amma doka hoto ta sani."

Na ga hannun likita ya nufi jan alƙalami. Na ce, "Malam Abdurrahman, kafin nan akwai gyara. Ran nan ka ce masa koz. Ni ban ce koz ba. Kuza na ce."

"Baba, ai ɗaya ne. Bakin mutanenku ne ya ja shi."

"Ba ɗaya ba ne. Koz a sha ruwa da shi. Kuza a ƙasa ake haƙo shi."

"Wallahi kakata ta yi shekara casa'in tana Hausa, ban taɓa jin ta ce kuza ba."

"A Katsina ba a haƙa shi, ina za ta ji?"

Likita ya tambayi abin da muke musu a kai. Na fiddo jakar, na zare basilla, na kwance bakin, na nuna masa ya buɗe tafin hannu. Na zuba masa. Hannunsa ya ɗan yi ƙasa, don wanda bai saba ba kullum nauyin kan ba shi mamaki. Ya murza baƙin garin da yatsa, ya kai shi bakin taga. Ya faɗi wata kalma, Abdurrahman ya ce yana tambaya ko shi ne ake narkawa a shafe gwangwani da shi. Na ce shi ne.

Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa, Abdurrahman na gumi a tsakaninmu. Na gaya masa yadda ake wanko shi a kwano daga bakin rafi, a shanya a kan faifan ƙarfe a hura wuta a ƙasa, a tankaɗe, a zuba a ƙananan buhuna waɗanda ƙato ba ya ɗaukar biyu. Na ce ni ne a bakin buhu, fuskata a kansa, ina girgiza shi ya zauna in ɗinke. Ya ce ƙura fa? Na ce in rana ta shigo ta tagar sito sai ka ga ƙurar tana walƙiya, da yamma in ka fyace hanci baƙi ne. Ya ce shekara nawa? Na faɗa masa.

Ya tashi tsaye. Ya aika aka ɗebo masa yashi daga tsakar asibiti aka ƙulle a takarda. Ya ɗauki ƙullin yashin da jakata, da basillar a soke, ya shiga ɗakin hoto da kansa. Muka zauna muna jira. Da ya fito hoton na ɗigar ruwa ya ɗaga shi a taga. Yashin da ƙyar ake ganin inuwarsa. Jakata kuwa fara tas, basilla ta ratsa ta kamar kibiya, kuma inda garin ya ɗan zube a gefe, ga shi nan ɗigo-ɗigo, irin geron da ke ƙirjina sak.

Likita ya yi dariya, ya buga tebur, ya yi ta magana da sauri. Abdurrahman ya ce, "Ya ce ya taɓa karantawa a littafi lokacin yana makaranta, cewa masu aikin wannan ƙasa a wasu ƙasashe ƙurarta kan zauna musu a huhu. Tana fitowa a hoto fiye da komai don nauyinta, amma ba ta cin huhu kamar tarin fuka, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Ya ce bai taɓa zaton zai gani da idonsa ba."

Na ce alhamdu lillahi, na miƙa takardata.

Bai karɓa ba. Ya ce abin da yake zato ke nan, amma zato ba ya sa hannu. Tarin fuka yana tafiya, ƙura kuwa tana zaune inda take. In bari sai bayan babbar salla a sake hoto. In ɗigon ya ƙaru ko ya matsa, jan layi. In yana nan yadda yake, zai sa hannu. Ya ba ni 'yar takarda da za ta hana 'yan sanda taɓa ni kafin lokacin.

A lokacin ko azumi ba a fara ba.

Da na gaya wa Lamidi ya riƙe baki. "Oga Basilla! Kamfani ya sallame ka, ashe kai ka sato kayan shi a ciki! Ka yi shiru, in Bature ya ji zai zo da sikeli."

Alhaji Sale ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Allah ya sa haka ne. Amma ka san ni ba likita ba ne. In ya sa hannu, ni ma na sa." Jan ƙyalle ya ci gaba da zama a moɗata.

Wannan jiran ya fi tafiyar daji wuya. Na yi azumi a rumfar nan, in an sha ruwa a tsiyayo mini nawa daga sama. Na ga maniyyata sun cika gari sun haye, sun dawo ana kiransu alhazai. Na riƙa tuna Jos a watan da ruwa ba ya ɗaukewa, hazo ya sauko ya rufe duwatsu, Asabe ta shigo da kaskon wuta ɗaki muna gasa masara. Mutumin da ya saba kwana da bargo biyu, ga shi yana jiƙa zane yana lulluɓa. Na rubuta mata wasiƙa da hannuna, na ce ina lafiya, takarda ta kusa. Ban ce mata komai game da hoto ba, don ban san me zan ce ba tukuna. Don kada hannuna ya manta aiki na riƙa ɗinke wa masu gawayi yagaggun buhunansu, har suka fara kawo mini daga wasu rumfuna.

Bayan salla na koma. Aka manna ni a farantin nan mai sanyi, na ja numfashi na riƙe, na yi addu'ar da na iya. Da hoto ya bushe likita ya ɗauko tsohon ya ɗora sabon a kansa, ya ɗaga su tare a taga. Na matso ban jira an kira ni ba. Kowane ɗigo ya hau kan ɗan'uwansa. Kamar hoto ɗaya ne.

Ya zauna, ya ture jan alƙalami gefe, ya ɗauki baƙi ya sa hannu, ya buga hatimi. Ya kira wasu likitoci biyu suka zo suna kallon hoton suna kallona, ɗayansu har da ƙwanƙwasa mini ƙirji yana murmushi. Ya roƙi in bar masa hoton da ɗan garin kuza, don in wani ya zo daga ƙasarmu da irin wannan kada a kore shi a banza. Na raba garin biyu na ba shi rabi. Abdurrahman ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini. Kalma ɗaya ta kusa mai da kai iyaka."

Na ce, "Kai ka faɗa, ni na gyaɗa kai. Mu raba."

Ya gaya wa likita yadda aka yi da gyaɗa kan. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya dunƙule hannu ya kai baki, ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya ɗauko tambulan ɗinsa na kan tebur, wanda shi kansa yake sha da shi, ya cika ya miƙo mini. Ruwan da nake jira tun zuwan farko sai ran nan ya iso.

A ƙofa Abu Sadur ya ga takarda a hannuna, ya ce, "Wa ya shiga maka?" Na bugi ƙirjina na wuce.

Na isa gida maza na zaure sun gama cin abincin rana. Na miƙa wa Alhaji Sale takarda. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tashi da kansa ya zagaya bayan gida, ya dawo da moɗata. Ya kwance jan ƙyallen a gaban kowa, ya tsoma ta cikin randa ya ba ni. Na sha rabi. Ya karɓa bai ɗauraye ba ya shanye sauran, ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa da shi. Ta zagaya zauren nan kaf. Da ta zo kan Lamidi ya ce shi ya riga kowa, a ba wani. Hajiya daga ciki ta rangaɗa guɗa. Na sunkuyar da kai, don ban so a ga idona.

Yanzu ina ɗinkin buhun auduga a tashar jiragen ruwa. Audugar ba ta da nauyi, basillata tana shiga kamar a tuwo. Jan ƙyallen na ɗaure shi a wuyan jakar.

Malam, a gaya wa 'yan aji waɗanda suka yi aiki a sito, in ɗayansu zai fito, ya taho da jakar basillarsa. In an tambaye shi aikinsa kada ya tsaya ga faɗi, ya zuba a hannu. Wanda kuma yake tari na gaskiya kada ya nemi ƙirjin haya, ya je a duba shi, na ga waɗanda aka yi wa allura a asibitin nan suka tashi.

Da takarda ta fito na aika gida, Asabe ta iso da ayarin wasu mutanen Bauchi. Ta rame, ta yi baƙi, amma da ƙafarta ta shigo. Tana zama a tsakar gida ta ce a taimake ta da ruwa. Hajiya Zainabu ta nuna mata randa ta ce, "Ga shi nan, 'yar'uwa, ɗauki koz ɗin maigidanki ki sha."

Asabe ta dube ni ta ce, "Malam, mene ne koz?"

Gidan gaba ɗaya ya fashe da dariya. Na tashi na ciko mata da kaina, na ce, "Sha tukuna."